Saƙon Da Ya Mutu A Zaure



Da aka ce wannan makon ni zan hau, na so in kawo wani abu a kan tsara labari ko ginin tauraro, sai na tuna akwai malamaina a nan da suka fi ni sanin wannan nesa ba kusa ba. Abin da ni na sani shi ne abin da ke faruwa da rubutu bayan marubuci ya ajiye biro, domin sana'ata ke nan. Ina da ɗan shago a jikin gidanmu a Talata Mafara, ina buga wa mutane rubutu a kwamfuta, ina fotokwafi, ina cike wa ɗalibai fom. Marubutan yankinmu, na Mafara da Bakura da Maradun, da yawansu har yau a littafin makaranta suke rubutu, su kawo mini in buga, in tura inda suka ce. Labarin da zan ba ku na wani rubutu ne da na rantse ya tafi, alhali ko ƙofar gidanmu bai fita ba.

Sai na fara da na'urar, in ba haka ba labarin ba zai zauna ba.

A 2019 na sayi wata tsohuwar kwamfutar tebur gwanjo, na sa mata Linux, na ajiye ta a zauren gidanmu a kan wani benci. Na haɗa mata modem, na ɗaga eriyarsa a kan gora saboda a cikin ɗaki sabis ba ya kamawa sosai. Duk intanet ɗin shago da na cikin gida ta cikinta yake bi. Masana suna da sunan da suke kiran irin wannan saba, amma mu a gida kwamfutar zaure muke ce mata, kuma sunan ya dace, tunda kamar yadda ba mai shiga gida ko fita sai ta zaure, haka ba abin da ke shiga ko fita daga kwamfutocinmu sai ta wurinta.

Bayan ta zauna sai na ƙara mata wani aiki. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin tura babban fayil da rana a garinmu ya san wahalar: ya kai rabi ya yanke, ka sake, ya kai kusan ƙarshe ya yanke, mai rubutu yana zaune a gabanka yana kallon agogo saboda motar Bakura. Sai na sa wa kwamfutar zaure manhajar Postfix, wadda wani ɗan ƙasar Holan, Wietse Venema, ya rubuta lokacin yana aiki da IBM, aka fitar da ita a 1998. Aikinta na ɗan aike ne. In na danna tura a kwamfutar shago, saƙon zai tafi zaure nan take, tunda waya ce kawai tsakaninsu. Ita kuma ta zaure sai ta riƙe shi, ta yi ta gwada fitar da shi, da farko bayan 'yan mintuna, daga baya kusan kowace awa, har tsakar dare lokacin da mutane suka kwanta sabis ya yi ƙarfi. Da safe sai in tarar komai ya wuce. Na ji daɗin dabarar nan ƙwarai, har ina yi wa abokai fankama da ita.

Ba a rana ɗaya ta fara aiki ba. Makon farko ko saƙo ɗaya bai fita ba. Ga intanet lafiya lau, Facebook na buɗewa, amma imel ya ƙi. Sai da na koyi karanta rajistar da manhajar ke ajiyewa, wani fayil da take rubuta duk abin da ta yi layi bayan layi, sannan na ga inda gizo ke saƙar. Kowane irin aiki a intanet yana da lambar ƙofar da yake bi. Ƙofar da sabobin imel ke magana da juna ita ce ta 25, tun daga ƙa'idar da Jon Postel ya rubuta a 1982, zamanin da masu amfani da abin 'yan kaɗan ne kuma kusan duk sun san juna. Da 'yan damfara da masu tallan banza suka cika duniya da saƙonni, sai kamfanonin layi da dama suka toshe wa kwastomomin gida wannan ƙofar. Ko da ba a toshe ba, manyan gidajen imel ba sa yarda da saƙon da ya fito kai tsaye daga adireshin gida, balle na layin waya, inda mutane masu ɗimbin yawa ke fita da adireshi guda. Kamar baƙo ne ya ƙwanƙwasa da dare ba wanda ya san shi. Mafita ita ce ka bi ta hannun wanda aka sani. Na buɗe akwatin Gmail na shago, na koya wa kwamfutar zaure ta riƙa miƙa masa komai ta ƙofa ta 587, da suna da kalmar sirri, shi kuma ya isar. Daga ranar abu ya miƙe. Shekara biyu ban sake buɗe rajistar nan ba.

Yanzu sai Malam.

Tsohon malamin firamare ne daga Maradun, ya koyar da mahaifiyata ma. Ba zan faɗi sunansa ba don ba ya son haka. Yana saurayi, sabon fara koyarwa, lokacin da aka yi rikicin Bakolori. Ga waɗanda ba 'yan yankinmu ba: madatsar ruwa ce a kan Kogin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ya gina, aka gama a 1978. Ruwanta ya cinye gonaki da garuruwa a ɓangaren Maradun, aka tashi mutane aka sake musu matsuguni, aikin noman rani kuma ya shafi filayen Mafara da Bakura. Maganar diyya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, manoma suka tare hanyoyin aikin, a Afrilun 1980, zamanin Shagari, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka rasa rayuka. Har yau adadin da hukuma ta faɗa da wanda mutanen wurin ke faɗa ba su haɗu ba. Malam ya ga wani sashe na abin da idonsa. Shekara arba'in yana cewa zai rubuta, bai rubuta ba, sai da wani malamin jami'a a Zariya da ke tattara irin waɗannan tunane-tunane cikin Hausa don littafi guda ya ji labarinsa, ya kira shi, ya ce in zai iya kawo babinsa kafin tsakiyar Satumba za a sa.

Shafi arba'in da 'yan kai ya rubuta da hannu, da irin rubutun malaman da, mai kwanciya gefe guda. Ba labarin harbi ne ya fi yawa a ciki ba. Sunayen garuruwa ne da unguwanni da ke ƙarƙashin ruwa yanzu, da wace tsamiya ce a bakin wace kasuwa, da inda makabartar kakanninsa take. Ina bugawa ina tsayawa. Akwai wurin da ya lissafa fadamu bakwai da sunayensu da abin da ake nomawa a kowacce, bai ƙara ko kalma ɗaya ta kuka a kai ba, kuma nan ne ya fi taɓa ni. Wannan darasi ne na rubutu a karan kansa, amma ba shi na zo yi ba.

Ku tuna wace shekara ce. 2021. A Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a ƙaramar hukumarmu. A tsakiyar Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Malam ya kawo mini shafukan ƙarshe ranar Talatar ƙarshe ta Agusta, ranar kasuwa. Washegari, 1 ga Satumba, aka ɗauke ɗalibai 73 a makarantar Kaya, a ƙasar Maradun. A cikin wannan hali nake zaune ina buga sunayen fadamu, rediyo na gefe.

Daren Alhamis 2 ga wata na gama. Na duba kurakurai, na mayar da shi PDF don kada ƙ da ɗ da ɓ su rikiɗe su koma akwatuna a kwamfutar wani, na rubuta gajeriyar wasiƙa, na danna tura. Allo ya nuna an tura. Na ɗauki waya na kira Malam.

"Allah gafarta Malam, ya tafi."

"Ya tahi, ɗana?"

"Ya tafi, Malam. Yanzun nan."

Ya yi hamdala, ya sa mini albarka har sau uku. Na rufe shago na shiga gida.

Abin da allon ya nuna gaskiya ne, ni ne na fassara shi ba daidai ba. An tura, a bakin kwamfutar shago, yana nufin ta miƙa wa ta zaure, ta zaure ta karɓa. Taku goma ke tsakaninsu. Datar modem kuwa ta ƙare tun da yamma ban sani ba, saboda tun la'asar ban buɗe komai ba sai rubutun Malam.

Da safen Juma'a ƙanwata ta ce Yaya babu intanet. Na duba na ga data ce, na ce bayan masallaci zan saya. Bayan masallaci aka yi rasuwa a unguwa. Da dare kuma gari ya cika da raɗe-raɗin za a kashe sabis. Tsakanin daren nan da wayewar Asabar sandunan waya suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Hukumar NCC ce ta ba kamfanoni umarni ranar 3 ga Satumba su rufe sadarwa a duk Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, shi ma ɗan Maradun, don a katse hulɗar 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Mako biyu aka ce da farko. An riga an rufe kasuwannin mako-mako, an hana sayar da mai a jarka. Masu POS suka naɗe lema. Wanda ke da ɗa a Kano ko Legas bai san halin da yake ciki ba, shi ma ɗan bai san ko iyayensa na raye ba.

Nan ne wurin da ya fi mini wuyar rubutawa. Ranar Asabar ɗin, ina zaune a shago ba aiki, tunani ya zo mini: data ta ƙare kafin in tura, ko bayan na tura? Amsar tana nan taku goma daga inda nake. Kalma ɗaya zan rubuta, mailq, ta nuna mini duk saƙon da ke layin jira. Ba ya buƙatar sabis, ba ya buƙatar data. Ban tashi ba. Na ce wa kaina ai da dare na tura, kuma da dare sabis ya fi kyau, kuma ai allo ya nuna. Gaskiyar ita ce na riga na ce wa dattijo ya tafi, ya sa mini albarka, kuma ba na son in ga abin da zai sa in koma in ce ban faɗi daidai ba. Sai na zaɓi kada in duba. Ba mantuwa ba ce, kuma na daɗe ina gaya wa mutane mantuwa ce.

A mako na biyu na shiga motar Sakkwato, kamar yadda mutane da yawa suka riƙa yi a lokacin, wasu Sakkwato wasu Funtuwa, don kawai su yi waya su ciri kuɗi. Mun wuce Lambar Bakura, mun wuce Tureta, kowa a motar riƙe da waya a hannu yana leƙawa, wasu da takardu cike da lambobin maƙwabta da saƙon da za a faɗa wa kowa. Da muka kusa gari wayoyi suka fara ƙara gaba ɗaya, wata tsohuwa a bayana ta fashe da kuka tun kafin a ɗauka. Na kira yayana, na kira mutum shida na maƙwabta, na buɗe akwatin imel na shago. Babu wata sanarwar cewa saƙo ya dawo. Na ɗauki shirun a matsayin shaida. Ban buɗe ɓangaren saƙonnin da aka aika ba, inda da na ga babu shi. Ban kira malamin Zariya ba, ga lambarsa a wayata. Filashi kuwa, wanda da na zuba rubutun a ciki na tura daga nan cikin minti biyu, yana can cikin aljihun tebur a Mafara. Ranar saura kwana huɗu a rufe karɓa.

A farkon Oktoba aka mayar wa Gusau sabis. Ɗan Malam ya je can wata hidima, mahaifinsa ya ba shi lambar malamin Zariya ya ce ya gaishe shi, ya tambaya ko akwai gyara. Ranar Talata 5 ga wata sai ga Malam da kansa a ƙofar shago, a bayan babur, duk da halin da hanya ke ciki. Bai zauna ba.

"Ɗana, mutumin Zariya ya ce bai ga komi ba."

Na ce wataƙila ya faɗa cikin tarkacen saƙonni bai duba ba, hakan na faruwa. Kuma yana faruwa ɗin, amma na san ba don haka na faɗa ba.

"To duba muna. Kai ka da na'ura."

Na shiga zaure, yana biye da ni. Na rubuta mailq. Layin jira babu kowa. Zuciyata ta ɗan yi sanyi, na ce Malam ka gani, babu abin da ya maƙale. Amma layi yakan zama fanko ta hanya biyu, ko an sallami kowa ko an kori kowa, kuma na san haka. Sai na buɗe rajista.

Tsarin da ke kan na'urar yana naɗe rajistar imel duk mako, ya ajiye na mako huɗu, ya share wanda ya fi tsufa. Na makon da na tura saƙon ya riga ya tafi. Mafi tsufan da ya rage ya fara ne daga Lahadi 5 ga Satumba, kuma da Malam ya ƙara kwana biyar bai zo ba, shi ma da an share shi, da kuma har yau ina cewa laifin Zariya ne. Na buɗe shi. Ga lambar saƙon, ga adireshin malamin, ga kalma ɗaya tana ta maimaituwa layi bayan layi, deferred, wato an ɗage, a sake gwadawa. Dalilin kuma iri ɗaya kowane lokaci: ta nemi adireshin sabar Gmail ba ta samu ba, domin babu hanyar da za ta tambaya. Duk sa'ad da aka kawo wuta ko sola ta ɗauka, na'urar nan tana farkawa ta gwada. Ta gwada da asuba, ta gwada muna masallaci, ta gwada ina zaune taku goma daga gare ta ina hira. Sai daren Talata 7 ga Satumba kalmar ta canza ta koma expired. Wa'adi ya cika.

Postfix, in ba ka canza mata ba, kwana biyar take riƙe saƙo. Waɗanda suka tsara abin sun yi lissafin saba ta lalace a gyara ta, ko waya ta tsinke a ɗaura, har da hutun ƙarshen mako. Ba su yi lissafin jiha guda za ta yi shiru wata da watanni ba. Bayan kwana biyar sai ta cire saƙon, ta rubuta wa mai shi takardar cewa ban iya isarwa ba. To ni adireshin da na sa a matsayin mai aikawa na Gmail ne, wanda ke waje. Don haka takardar sanarwar ita ma ta shiga layin jira, tana neman hanyar fita ta je ta same ni a can, alhali ina cikin gidan. Ita ma ta yi kwana biyar ɗinta. Ranar Lahadi 12 ga wata aka share ta, kuma sanarwa ba a yi mata sanarwa. Shi ya sa na tarar da shiru a Sakkwato.

Na fassara wa Malam layukan ɗaya bayan ɗaya, don ya ce in karanta mishi. Da na kai ƙarshe ya yi shiru, sannan ya ce:

"Wato ita ta yi ta ƙoƙari."

"Ta yi, Malam."

"Kai fa, ka leƙa ta?"

Na ce ban leƙa ba. Na so in ƙara da cewa ban yi tunani ba, sai bakina ya ƙi. Na ce na yi tunanin in duba, na ji tsoro.

Bai yi faɗa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce lokacin da suke makarantar horon malamai, in za ka aika kuɗi gida sai ka ba direban babbar mota, kuma ba ka cewa sun isa sai direban ya dawo maka da wata alama daga tsohuwarka, ko ƙullin daddawa ko wata magana da ita kaɗai za ta faɗa. Ya ce direba na iya zama mutumin kirki mota ta lalace mishi a Maru. Daga nan ya tambayi ko akwai ruwan sha.

Washegari na ɗauki filashi na tafi Gusau, ta Maru da Bunguɗu, shinge bayan shinge. Na tura daga wayata a bakin tasha, na kira malamin Zariya na tsaya a kan layi har ya ce ga shi ya shigo. Mutumin kirki ne. Ya ce ya jira har ƙarshen Satumba saboda ya san abin da ake ciki a Zamfara, ya yi ta kiran layin Malam ba ya shiga, daga baya ya ɗauka dattijon bai samu ya gama ba. Littafin yana wurin masu ɗab'i, an riga an tsara shafuka. Ya ce in Allah ya sa aka yi na biyu. Ba a yi ba har yanzu.

Sai ƙarshen Nuwamba gwamnati ta sanar da buɗe sauran wurare. Na sayi data, na kunna komai, na tura wa kaina saƙon gwaji, wannan karon da rajista a buɗe a gabana. Ya ƙi fita. Na bi shi daki-daki yadda ya kamata in yi tun farko. Modem na da sabis? Yana da. Na'ura na iya samo adireshin sabar waje? Tana iyawa. Ƙofa ta 587 na amsawa? Tana amsawa. Sai a wurin gaisawa abin ke watsewa: kwamfutata ta ce takardar shaidar sabar Gmail ba ta inganta ba, lokacin fara aikinta bai yi ba. Na yi awa biyu ina zargin kowa, har na fara tunanin ko wani ne ya shiga tsakani, kafin idona ya faɗa kan kwanan watan da ke farkon kowane layi. Na'urar tana zaune a wata shekara da ta wuce da daɗewa. Ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke riƙe agogo in an ɗauke wuta ya mutu a cikin watannin, ita kuma ba ta iya gyara agogonta daga intanet ba saboda ni da hannuna na toshe wannan ƙofar tun 2019, lokacin da nake rufe duk abin da ban gane amfaninsa ba. A wurin mai gyaran agogo a kasuwa na samo batirin.

Bayan wata shida ta sake tsayawa, da lamba 535, wato ba a karɓi kalmar sirri ba. Google ya daina barin irin waɗannan na'urori su shiga da kalmar sirri ta yau da kullum daga 30 ga Mayun 2022, sai da wata ta musamman mai harafi 16 da ake ƙirƙira wa kowace na'ura. Sun sanar tun da wuri, sanarwar na cikin akwatina ban karanta ba. Amma wannan karon a cikin awa ɗaya na gani, saboda na riga na canza abubuwa. Duk saƙon da ya yi awa huɗu bai fita ba, na'urar na rubuto mini gargaɗi, kuma a akwatin cikin gida take ajiye shi, ba ta aika shi yawo. Lambobin ma na haddace su: in amsa ta fara da 4, ana nufin dawo anjima, in ta fara da 5, an ƙi, kada ka wahalar da kanka sai ka gyara wani abu, 250 ita ce na karɓa. Wa'adin jira kuwa na ɗaga shi zuwa kwana 100, iyakar abin da manhajar ta yarda. Rufewar da aka yi mana ba ta kai haka ba, amma ta kusa.

Na san yawancinku ba ku da kwamfuta a zaure, da waya kuke tura rubutu gasa ko wurin edita. Amma wayar ma tana da nata zauren. In ka danna tura sabis na rawa, saƙon yana komawa akwatin masu jiran fita ya zauna, fuskar wayar kuma ta koma yadda take kamar an gama. Wata 'yar uwa daga Bakura ta taɓa kawo mini wayarta tana cewa masu gasa sun yi son kai ba su ko amsa mata ba, muka buɗe muka tarar da labarinta zaune, hotunan shafuka talatin da ta ɗauka sun fi megabait 25 da Gmail ke ɗauka a saƙo guda. Ban yi mata dariya ba, ba ni da bakin yi.

Ko 250 ɗin ma, in na gan ta a rajistata, abin da take nufi shi ne Gmail ya karɓa daga hannuna. Ba ta ce sabar can ta karɓa ba, ba ta ce bai faɗa tarkace ba, ba ta ce mutumin ya buɗe ba. Saboda haka yanzu in na tura wa wani aiki, ina sa layi ɗaya a ƙarshen wasiƙar ina roƙon a amsa ko da kalma ɗaya ce, in kwana biyu suka wuce in kira. Wasu editocin suna jin haushi. Ina ba su haƙuri in sake kira.

Malam bai daina zuwa ba. Da babin ya rasa gurbi sai ya ce tunda ba mai ƙayyade mishi shafi yanzu, bari ya faɗi sauran. Ya haura shafi ɗari da sittin, ya shiga tarihin sarautar garinsu da yadda aka raba filaye a sabon matsuguni, har da wani babi kan kifin da ya ɓace da wanda ya bayyana bayan an tare ruwa. Idonsa ya yi rauni, jikarsa ke rubuta wasu wuraren yana faɗa mata. Kwafi uku nake ajiyewa, ɗaya a zaure, ɗaya a filashi, ɗaya a takarda a gidansa. Ba mu sami mai bugawa ba tukuna. In akwai wanda ya san hanya a cikinku, ina saurare.

A ranar nan ta 5 ga Oktoba, bayan ya sha ruwa, kafin ya hau babur, ya ce in fitar mishi da layukan a takarda. Na ce Malam ai Turancin na'ura ne, ba abin da za ka yi da shi. Ya ce in dai fitar. Shafi uku suka yi, kalma ɗaya tana ta maimaituwa da sa'o'inta a gefe, sai ta ƙarshe daban. Ya sa na ja layi da jan biro a ƙarƙashin ta ƙarshen, ya rubuta fassarar da hannunsa a gefe, ya ninke. Kwanaki da na je Maradun karɓo sababbin shafuka na ga takardun a cikin jakar fatar da yake ajiye rubutun, a can baya, bayan babin fadamu.